A Mayar da Kifi Gonakin Shinkafar Bagudo

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun san cewa kifi da tsiron ruwa cuɗanya suke yi: kashin kifi ya zama takin tsiro, tsiro ya tsotse dattin ya bar wa kifi ruwa mai tsabta. Fadamar Kogin Neja a Bagudo, daga Lolo da ke bakin iyakar Benin zuwa Illo, ta daɗe tana wannan aiki ba da umarnin kowa ba. Idan kogi ya cika ya malala, tarwaɗa da karfasa sukan bi ruwa su shiga cikin ciyawa da shinkafa su hayayyafa, su cinye ƙwari da ƙananan tsire-tsire, su bar taki. Ruwa na janyewa, mai gona ya sami shinkafa, ya kuma sami na miya.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma rufe iyakoki a watan Agustan 2019 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, buhu kaɗai hukuma ke ƙirgawa. Manomi ya karɓi taki da maganin feshi, ba wanda ya tambaye shi ina kifin gonarsa ya tafi. Wannan lissafi ya gaza. A gundumar Qingtian ta ƙasar Sin, an fi shekara 1,000 ana kiwon kifi a cikin shinkafa, har hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanya tsarin cikin gadon noman duniya a 2005. Binciken da masanan Jami'ar Zhejiang suka wallafa a 2011 ya nuna gonar da ke da kifi ta ba da amfani daidai da wadda ba ta da shi, alhali ta rage maganin ƙwari da kashi 68 cikin ɗari, takin zamani da kashi 24. Kifin na bugun karan shinkafa, ƙwari su faɗo ya haɗiye, ita kuma shinkafar ta yi masa inuwa lokacin zafi. Ga wanda ya san kuɗin buhun taki a yau, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Idan aka ce a kawo wannan tsari Bagudo, za a ce ambaliya irin ta 2020 za ta kwashe kifin duka. Gaskiya ne, amma ta kwashe shinkafar ma, ba a kuma daina shuka ba. Noman rani, inda manomi ke iko da ruwansa, shi ya fi dacewa da farawa. Za a ce ramin da ake haƙa wa kifi yana cin fili, ga ɓarayi, ga kuɗin man injin ban-ruwa, tunda kifi ba ya jure gona ta bushe. Wannan ƙorafi ya fi nauyi, kuma shi ya sa bai kamata a bar wa manomi ɗaya gwajin ba. FAO da Jami'ar Ibadan sun riga sun gwada tsarin da manoman Kebbi da Ebonyi, saboda haka ba daga tushe za a faro ba. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta sa 'ya'yan kifi da kuɗin haƙa rami cikin tallafin noman rani, ta fara da ƙungiyoyin manoma masu gonaki a jere, waɗanda za su iya yin gadi tare, su kuma amince da irin maganin da ba za a fesa ba, domin ruwan gonar sama shi ke gangarowa zuwa ta ƙasa.