Shin Akwai Fakiri a Birtaniya?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, a ƙofar masallatai da rumfunan kasuwa, cewa wai a Birtaniya babu matalauci, domin kuwa gwamnati na biyan marar aiki kuɗi duk wata, tana yi wa marar lafiya magani kyauta, ta kuma bai wa marar gida makwanci. Su ma can akwai masu wannan ra'ayi, har cikin mahukunta. A shekarar 2018 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsanancin talauci, Farfesa Philip Alston, ya zagaya ƙasar, ya ba da rahoto cewa mutum miliyan 14, wato ɗaya cikin biyar, suna cikin talauci. Gwamnatin lokacin ta yi watsi da rahoton. To, mu a ganinmu talaucin nan gaskiya ne, kuma masu musanta shi ma'aunin da suke riƙe da shi ne ba daidai ba.

Bari mu fara da ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, William Beveridge ya gabatar da rahotonsa wanda ya lissafa masifu biyar da ya wajaba hukuma ta yaƙa: fatara, cuta, jahilci, mummunan muhalli da zaman banza. A kan wannan rahoto aka gina tsarin tallafin al'umma, aka kuma buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a 1948. Albarkacin haka matar ɗan ƙasa ba ta mutuwa a ƙofar asibiti don mijinta ya kasa ajiye kuɗin tiyata. Wannan alheri ne babba, kuma mu da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce mana a 2022 mutum miliyan 133 na ƙasarmu suna cikin talauci ta fuskoki da dama, ba mu da bakin raina shi. Talaucinsu da namu ba ɗaya ba ne wajen tsanani. Amma zazzaɓi bai zama lafiya ba don kawai akwai mai kwance da tarin fuka.

Mai musu yakan ce: yaya za a kira mutum matalauci alhali yana da wayar hannu da talabijin, yana kwana a ɗaki mai famfo da lantarki? Wannan mas'ala ai fuƙaha'unmu sun riga sun warware ta tun ƙarnoni. A mazhabar Malikiyya miskini shi ne wanda bai mallaki komai ba, fakiri kuwa shi ne mai ɗan abin hannu wanda ba zai ishe shi shekara ba, kuma dukansu biyu suna cikin masu karɓar zakka. Hasali ma sun halatta a bai wa mai gida da hadimi, muddin babu rara a cikinsu kan buƙatarsa. Ke nan abin dubawa shi ne isuwa, ita kuwa isuwa da al'adar wuri da zamani ake gane ta. Shi ma Adam Smith, wanda 'yan jari-hujja ke ɗauka a matsayin limaminsu, ya yarda tun 1776 cewa abin larura ya haɗa da duk abin da al'adar gari ta sa rashinsa ya zama abin kunya, ya ba da misali da rigar lilin da takalmin fata. A ƙasar da ake neman aiki da tallafin gwamnati ta intanet, waya ta shiga sahun fartanya a wurin manomi. A ƙasar da ruwa ke daskarewa lokacin hunturu, kuɗin ɗumama ɗaki ɗan uwan kuɗin abinci ne.

Gwamnatin Birtaniya kanta tana da ma'auni: gidan da kuɗin shigarsa bai kai kashi 60 cikin 100 na gidan da ke tsakiyar jeri ba, ana lissafa shi cikin talauci. Da wannan ma'auni, bayan an cire kuɗin muhalli, yara miliyan 4.5 ne suka faɗa ciki a shekarar 2023 zuwa 2024, kusan ɗaya cikin uku. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kimanin bakwai cikin goma na yaran nan suna gidajen da ake da mai zuwa aiki. Ashe ke nan zancen lalaci bai wadatar a matsayin bayani ba. Wani zai ce ai wannan ma'aunin rata ne tsakanin mutane, yunwa daban take. To, ga wani. Gidauniyar Joseph Rowntree ta ƙirga waɗanda suka kasa samun abinci, ko ɗumi, ko sutura, ko sabulun wanka, ta samu mutum miliyan 3.8 a 2022, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu yara. Ƙungiyar Trussell, mai rumbunan sadakar abinci a coci-coci da zaurukan unguwa, ta raba ƙunshin agaji kimanin 61,000 a 2010 zuwa 2011. A 2023 zuwa 2024 ta raba miliyan 3.1. Mutum ba ya zuwa ya tsaya a layin gwangwanin wake da taliya, riƙe da takardar shaida daga likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, don nishaɗi.

Ta ina ruwa ke shiga jirgin, alhali ga tallafi? Ta ƙofofi ne da aka sani. Tallafin da ake kira Universal Credit, wanda aka fara a 2013, sabon mai nema sai ya jira kimanin mako biyar kafin kuɗin farko su zo. Wanda ba zai iya jira ba a ba shi rance, a riƙa yanka daga abin da zai karɓa nan gaba, ya shiga tsarin da bashi a wuyansa tun ranar farko. Kuɗin kansu, ga gwauro ɗan shekara 25 ko fiye, fam 393.45 ne a wata a 2024, ban da na haya. A 2017 aka shigo da dokar hana tallafin ɗa na uku da na bayansa, dokar da ta fi danne manyan iyalai, kuma ba sai an faɗa wa mai karatu su wane ne masu manyan iyalai a Bradford da Birmingham ba. Sai a Nuwamba 2025 gwamnati ta sanar da soke ta. Tallafin haya kuwa an daskarar da shi daga 2020 zuwa 2024, hayar tana ta hawa abinta, har ƙarshen 2024 ya riski yara fiye da 160,000 a Ingila kaɗai suna zaune a masaukin wucin gadi.

Shi kansa gidan da ake taƙama an bai wa talaka, a duba. A Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar cewa funfunar da ta mamaye ɗakinsu ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka ba a gyara ba. Sai da yaro ya mutu aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa, mai tilasta wa masu gidajen jama'a gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Tun 2008 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa misali da yankin Glasgow, inda ta ce yaron da aka haifa a unguwar Calton ana sa ran ya yi shekara 54, takwaransa na Lenzie, tafiyar 'yan kilomitoci, ya yi 82.

Inda tallafi ya gaza kuwa, mai riba na nan tsugune yana jira. Kamfanin Wonga, mai ba da rancen kafin albashi, ya taɓa tallata ruwan da in aka lissafa shi a shekara ya haura kashi 5,000 cikin 100, kafin hukuma ta sa iyaka a 2015, shi kuma ya durƙushe a 2018. Ba attajirin Landan ne ke cin irin wannan bashi ba. Haka nan mita mai kati, wadda mu ma muka sani a gidajenmu, ita ce rabon wanda bashin wuta ya ci ƙarfinsa: kuɗi na ƙarewa, wuta da ɗumi su ɗauke, ko da ƙanƙara na zuba. Ƙungiyar Citizens Advice ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne hakan ta same su a 2022. Dukiya ce mai tarin yawa, ƙasar tana cikin goma mafi girman arziki a duniya, amma rabon ne ya karkace.

Ya ku 'yan uwa, abin ya shafe mu kai tsaye ta fuska biyu. Ta farko, matasanmu da ke sayar da gonar gado don neman biza su sani cewa tallafin da ake ba su labari ba nasu ba ne. Ɗalibi da ma'aikacin kula da tsofaffi, sharaɗin takardarsu shi ne ba su da rabo a kuɗin tallafin gwamnati. Mai neman mafaka a galibi ba a ba shi izinin aiki, abin da ake ba shi a 2024 fam 49.18 ne a mako. Iyaye da dangi da ke juya albashin ɗansu zuwa naira su ga miliyoyi, su tuna shi ba da naira yake biyan haya ba. Kafin a kira shi marowaci a tambaye shi nawa ke saura a hannunsa.

Ta biyu ita ce zakka. Majalisar Musulmin Birtaniya, bayan nazarin ƙidayar 2021, ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na Musulmin Ingila suna zaune a yankunan da suka fi ko'ina fatara. Gidauniyar National Zakat Foundation, wadda aka kafa a 2011 don raba zakka a cikin ƙasar, ba ta taɓa rasa masu nema ba. Asali a mazhabarmu shi ne a raba zakka inda ta wajaba, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Ɗan uwanmu da ke Manchester ya turo tasa Kano ko Damagaram bisa hujjar cewa buƙata ta fi tsanani a nan, yana da madogara. In kuwa hujjarsa ita ce babu fakiri a unguwarsa, to ya tambayi limamin masallacinsu mutum nawa suka tsaya bayan sallar Juma'ar da ta wuce suna son ganinsa a keɓe.