Me Ya Hana Alƙali Duba Bidiyo A Wasan Tonga Da Ingila?

Akwai wani wasa da ake ji da shi a Ostireliya da Niyu Zilan da arewacin Ingila, ana kiran sa ragbi lig. Mutum 13 ne kowane ɓangare, ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake gudu da ita. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 4, shi ne suke ce wa tirai.

Ranar 25 ga Nuwamba 2017, a birnin Okland na Niyu Zilan, Ingila ta kara da Tonga a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin duniya. Tonga fa 'yar ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai, mutanenta ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. Amma a shekarar nan manyan 'yan wasa irin su Jason Taumalolo da Andrew Fifita suka ƙi buga wa Niyu Zilan da Ostireliya, suka koma wa ƙasar iyayensu. Ingila tana gaba da ci 20 da nema, saura 'yan mintoci a tashi, sai Tonga ta zabga tirai uku a jere, ci ya koma 20 da 18. A daƙiƙar ƙarshe Fifita ya doshi layi, Elliott Whitehead ya tare shi, ƙwallo ta faɗi, Fifita ya sake ɗauka ya dangwala. Alƙalin wasa Matt Cecchin ya ce ba a ci ba, ya tashi wasa.

To a nan gardama ta kaure. Doka ta ce in ƙwallo ta suɓuce daga hannunka ta faɗi gaba, laifinka ne. In kuwa abokin hamayya shi kaɗai ya fizge ta, wasa na ci gaba. Magoya bayan Ingila suka ce suɓucewa ta yi, na Tonga suka rantse fizge ta aka yi. Shugabannin alƙalan gasar suka mara wa Cecchin baya, kuma mai yiwuwa ne hukuncinsa daidai ne.

Amma abin tambaya shi ne, me ya hana shi tambaya? Ga alƙalin bidiyo can a zaune, don irin wannan rana aka ajiye shi. Minti nawa zai ci? Da an nuna hoton a allo kowa ya gani, ko da hukuncin bai canja ba, da 'yan Tonga sun koma gida da baƙin cikin rashin nasara kawai. Sai aka sallame su da zargin cewa an raina su ne don su ƙanana ne, kuma har yau ba a raba su da wannan zargi ba. Lalle wanda yake da hanyar tabbatarwa ya ƙi bin ta, shi ya buɗe wa zato ƙofa.

Sai dai wasu sun wuce gona da iri. Yin zanga-zanga a titunan Okland da sa hannu a takardar koke haƙƙinsu ne. Barazanar kisa kuwa da aka riƙa aika wa mutumin, har 'yan sanda suka shigo ciki, wannan zalunci ne da ya fi wanda suke kuka da shi. A 2018 Cecchin ya bayyana cewa abin da ya biyo bayan wasan nan na cikin dalilan da suka sa zai ajiye usur, ko da yake daga baya ya dawo.

Ita kuwa Ingila, mako guda bayan nan Ostireliya ta doke ta da ci 6 da nema a Birisben.