Tangaran ɗin Poland: sana'ar da masu ita suka tafi, baƙi suka raya ta

'Yan uwa, mu Hausawa mun yi imani da gado. Mukan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, shi ya sa idan ƙira ko jima ko ginin tukwane ya mutu a wata unguwa, sai mu ɗora laifin a kan 'ya'yan gidan da suka ƙi koyo. Ni a ganina abin da ke riƙe sana'a shi ne koyarwa da tsare inganci, ko da mai koyon ba ɗan gida ba ne. Hujjata tana wani gari a kudu maso yammacin ƙasar Poland mai suna Boleslawiec.

Mai yiwuwa wasunku sun taɓa ganin kayan garin a hoto ko a cikin kayan gwanjo: faranti da kofi da butar shayi masu nauyi, farare, an yi musu ado da ɗige-ɗige da da'irori shuɗaye. Adon da ya fi shahara shi ne wanda suke kira idon ɗawisu. Da hannu ake yin sa. A yanka soso a fitar da siffar fure ko da'ira, a tsoma a launi, a riƙa dangwalawa ɗaya bayan ɗaya har a zagaye kwanon, wani wurin a ƙarasa da buroshi. Daga nan a tsoma shi a ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu mai zafin da ya haura maki 1,200. Farin yumɓun da ake haƙa a yankin yana jure wannan wuta, shi ya sa kwanon ke fitowa da tauri, ba ya tsotsar ruwa, kuma adon ba ya gogewa da wanki domin yana ƙarƙashin ƙyallin.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, ɗaruruwan shekaru garin yana hannun Jamusawa, sunansa Bunzlau. Su suka yi suna da tulunan nan masu launin ƙasa-ƙasa. A 1753 wani magini, Johann Gottlieb Joppe, ya gina tukunyar da tsayinta ya kai kusan mita 2, ta zama abin da baƙi ke zuwa kallo. A 1897 aka buɗe makarantar koyon aikin tangaran a garin. Wato tun masu gadon suna nan, ba su dogara ga gado kaɗai ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, aka sake shata iyakoki, yankin ya koma Poland. Aka tashi Jamusawan garin, har da maginan, aka kawo mutanen Poland daga wasu wurare suka zauna. Masana'antu sun lalace, masu sanin sirrin aikin sun tafi. Da gado ne kaɗai ke riƙe sana'a, da a nan labarin ya ƙare.

Amma a 1946 wani malamin aikin tangaran, Tadeusz Szafran, ya sake tayar da wuta a ɗaya daga cikin tsofaffin masana'antun. A 1950 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Ceramika Artystyczna, wadda har yau take aiki. Suka ɗauki mutanen da iyayensu ba su taɓa ginin tangaran ba suka koya musu, suka kuma jawo masu zane daga makarantar fasaha ta birnin Wroclaw suka ƙirƙiro sababbin adon. Yau kayan garin na zuwa Amurka da Japan da sauran ƙasashe, kuma duk watan Agusta ana bikin tangaran a can.

Wani zai ce ai wannan cin gadon wasu ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin an raba mutane da gidajensu da tanderunsu, kuma wasu daga cikin maginan da aka tasa sun ci gaba da irin wannan aiki a Jamus da sunan Bunzlau. Haƙƙinsu ne a ambace su duk lokacin da ake tarihin. Sai dai waɗanda suka zo daga baya ba kwaikwayo kawai suka yi ba, sun yi shekara fiye da 70 suna aikin da hannunsu, sun kuma ƙara masa abin da babu a da.

Abu na biyu da ya riƙe su shi ne suna. Juya kwanon ka duba gindinsa, za ka ga tambarin masana'anta. Waɗanda adonsu ya fi wuya ana rubuta musu Unikat, sau da yawa har da sunan wadda ta yi adon. Wanda sunansa ke jikin kaya ba ya son a kama shi da ha'inci. Ga mai saye ma wannan alama ce: na hannu za ka ga ɗigon nan ya ɗan fi wancan girma, launi ya ɗan fi duhu a wani gefe. Wanda inji ya buga kuwa komai daidai yake kamar an yi awo.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta koyi gini a wurin danginta, amma sai da ta shiga cibiyar koyon tangaran ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, sannan duniya ta san aikinta.

Don haka duk mai sana'ar hannu a cikinmu da 'ya'yansa suka juya mata baya, ya daina zaman jiran su. Ya ɗauki ɗan maƙwabci, ko yaron wata ƙabila da ke son koyo, ya koya masa tsakani da Allah, ya kuma sa sunansa a kan abin da ya yi. Ku faɗa mana a ƙasa, wace sana'a ce kuke ganin tana shirin ɓacewa a unguwarku, kuma wa ya rage da zai iya koyar da ita?