SHARHI: Turmi Ɗaya Ba Ya Isar Kowace Mace

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da tufafin mata a Agege ko a kewayen tashar Mile 2 a Legas ya san wannan mai saye: takan shigo, ta ɗaga abaya biyar ko shida, ta gwada faɗinsu a ƙirjinta, sa'an nan ta ajiye ta fita da kuɗinta. Mata masu jiki sun daɗe suna kukan cewa kayan da ya dace da su ba ya samuwa, in kuwa an samu, farashinsa ya zarce hankali. A ra'ayinmu suna da cikakkiyar gaskiya a kuka na farko, suna kuma da rabinta a na biyu.

Mu fara da atamfa. Turmi yadi shida ne, kuma daga cikinsa ake sa ran tela ya fitar da riga da zani da ɗankwali. Ga mace mai jiki sau da yawa ba ya isa. Tun da yake galibin 'yan kasuwa, daga Balogun har Kantin Kwari a Kano, ba sa yarda su yanka turmi, tilas ta sayi na biyu domin yadi biyu kacal. Wato ta biya kuɗin yadi goma sha biyu alhali takwas take bukata, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 wannan asara ta ƙara nauyi. Ba mu ga abin da zai hana mai shago ya ware wasu zane-zanen da suka fi tafiya ya riƙa yanka su da yadi ba, ko da zai ɗora ɗan abin da zai rufe masa ragowar.

Ta fannin abaya kuwa matsalar tana wajen saro. Lambar da ke jikin abayar Dubai, 54 ko 56 ko 58, tsawo take nunawa, ba faɗi ba. Mai saro kaya da bai kula da wannan ba sai ya cika shago da dogayen riguna yana zaton ya tanadi manya. Haka nan a kasuwar gwanjo ta Katangowa, abin da dila ta zo da shi daga Kwatano shi ke nan, ba wanda ya zaɓa.

Wannan ƙorafi ba a nan kaɗai ake yin sa ba. A 1990 da 'yan kai ba wanda zai yi zaton zai girgiza babban kamfani, amma a 2018 masu saye a Ingila sun yi wa kamfanin New Look ca, bayan an gano yana sayar da wandon masu jiki da ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari, har ya ce zai sake duba farashinsa. A Amurka, Old Navy ya daidaita farashin ƙanana da manya a 2021, ya baza su a dukkan shagunansa. Sai dai bai ƙiyasta bukatar kowane shago daidai ba: manyan suka yi kwantai a wasu wurare, matsakaita suka yanke, kuma a 2022 ya janye tsarin daga shaguna da dama. Saboda haka ba muna cewa kowa ya rufe ido ya cika rumbu ba ne.

Game da farashi, yadi kuɗi ne, aikin tela ma kuɗi ne, kuma ba laifi mai saye ta biya abin da aka ƙara mata. Abin da ba shi da hujja shi ne a ninka kuɗi don kawai an san ba ta da wurin zuwa. Irin wannan mai saye, galibi uwar gida ce ko hajiya mai riƙe da sayayyar biki da ankon dangi, kuma ranar da ta sami shagon da ya auna ta ba tare da raha a kan jikinta ba, can za ta kai ƙawayenta.

Matakin farko bai fi littafi da biro ba. Yaron shago ya rubuta duk wadda ta fita don rashin daidai da ita, da faɗin da ta nema, har tsawon wata uku kafin azumi, lokacin da ake aika odar kayan Sallah.