Kome Ƙanƙantar Allura Ƙarfe Ce

Ina so in yi gargaɗi a kan wata 'yar ƙwaya wadda ta yawaita a aljihun dattawanmu nan Unguwar Lalle da sauran ƙasar Gobir, watau ƙaramin asfirin mai miligiram 75, wanda a ke kira maganin tsinka jini.

Da daminar bara wani maƙwabcina, dattijo manomi, ya ga likita ya rubuta wa wansa ita bayan ya sami shanyewar ɓarin jiki. Sai ya ce bari shi ma ya yi rigakafi, ya saya wurin mai tallan magani ran kasuwa, yana sha kullum. In gwiwa ta dame shi bayan huɗa kuma, ya ƙara da diclofenac. Ba a yi wata biyu ba bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, jiri ya kama shi, tafin hannunsa ya yi fari. Da aka kai shi asibiti aka tarar jini ke tsiyaya cikin tumbinsa, sai da aka ƙara masa jini ya farfaɗo.

To, ku sani aikin wannan ƙwaya shi ne hana jini yin guda cikin jijiya, ƙarfinta kuwa ya kan kai kwana 7 zuwa 10 bai bar jini ba. Wanda ya taɓa kamuwa da bugun zuciya ko shanyewar jiki irin ta toshewar jijiya, a gare shi kariya ce babba. Amma ita ce dai ke raunana fatar tumbi, ta kawo gyambon ciki da haɓo, ta kan kuma tayar wa waɗansu masu asma ciwonsu. A shekarar 2018 likitocin Ostareliya da Amurka sun bayyana gwajin da suka yi kan tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000: ƙwayar ba ta ƙara musu tsawon rai ba, zubar jini ce ta ƙaru.

Haɗarin ya fi tsanani in an gama ta da wani magani. Diclofenac da ibuprofen suna cin tumbi kamar yadda ta ke ci. Warfarin shi ma tsinka jini ya ke yi. Haka dexamethasone, wanda waɗansu ke sha domin su yi ƙiba, yana ƙara haɗarin gyambo. Garin maganin ciwon kai na ƙunshi kuwa, irin Alabukun, asfirin ne a ciki, ƙunshi ɗaya ya kai ƙaramar ƙwaya goma. Yaron da bai kai shekara 16 ba kada a ba shi asfirin domin zazzaɓi, yana iya taɓa masa hanta da ƙwaƙwalwa. Ni dai na hana a ba almajiraina.

Mu kuma na kan iyaka ya kamata mu fi kowa tsoro, gama Sakkwato da nisa, hanya ba ta biyuwa da dare, jinin da ya ɓalle kuwa ba ya jiran gari ya waye.

Saboda haka shawarata: wanda likita bai rubuta wa ba, har mace mai ciki, kada ya ari maganin wani. Wanda aka rubuta wa kada ya daina da ra'ayin kansa, ya sha bayan ya ci abinci, ya kuma faɗa kafin a cire masa haƙori ko wanzami ya yi masa ƙaho. In ya ga baƙin bayan gida ko aman jini, ya nufi asibiti a ranar. Raina kama ka ga gayya.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.