Me Muke Yi Wa Tafi A Finafinan Mortal Kombat?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun sauke nauyin jarrabawa, aka sa mana fim ɗin Mortal Kombat na shekarar 2021 a ɗakin hutawa na gidan kwananmu. Ɗaki ya cika maƙil, har waɗansu suna leƙe ta taga. Duk sa'ad da wani ɗan wasa ya furta wata kalma wadda muka saba ji a cikin gem ɗin, ko kuwa aka tsaga wani gida biyu jini ya yi tsartuwa, sai wuri ya kaure da ihu da buga tebur. Amma da aka kunna fitila sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce fim ya yi, tun da an nuna jini yadda yake a gem. Waɗansu suka ce an cuce su, domin an kawo wani baƙo an ba shi jagoranci, kuma har fim ya ƙare ba a yi gasar da ake ta ambato ba. Kaɗan daga cikinmu kuwa muka lura da wani abu dabam: kusan babu wanda ya tsaya ya yi magana a kan faɗan kansa, alhali kuwa fim ɗin faɗa muka taru kallo.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ɗan tattauna da 'yan'uwa ɗalibai a wannan shafi. Ra'ayinmu shi ne, yawancinmu muna auna irin waɗannan finafinai da mudun da bai dace ba, kuma muddin muna yin haka, masu shirya su za su ci gaba da sayar mana da dusa a kan farashin tsaba.

Bari mu fara da tushe. Wanda yake buga gem ɗin faɗa yana riƙe da linzami a hannunsa. Shi ne mai kai naushi, shi ne mai karewa, in an kayar da shi laifin yatsunsa ne, in ya yi nasara kuwa shi zai yi wa abokinsa dariya. Daɗin abin duka a nan yake. To, ranar da aka mai da gem fim, abu na farko da ake yi wa wannan mutum shi ne a karɓe linzamin, a ce ya zauna ya naɗe hannu ya yi kallo. An ɗauke masa abu mai tsada ke nan, saboda haka akwai bashi a kan mai fim. Da me zai biya? A ganinmu abin biya ɗaya ne: ya nuna masa mutane na gaske, masu jini da tsoka, waɗanda suka ƙware a faɗa, suna yin abin da yatsunsa ba za su taɓa iya yi ba, kuma a nuna shi yadda ido zai iya bi.

Tarihin abin ma ya goyi bayan wannan magana. Kamfanin Midway na birnin Chicago ne ya fito da gem ɗin Mortal Kombat a shekarar 1992, aikin Ed Boon da John Tobias. Abin da ya bambanta shi da Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, shi ne ba zane aka yi ba. An ɗauki hoton gwanayen faɗa ne na gaske, irin su Daniel Pesina da Ho-Sung Pak, suna naushi da shuri, sa'an nan aka shigar da hotunan cikin kwamfuta. Labarin kuwa, watau gasar faɗa a wani tsibiri ƙarƙashin wani mugun mai gida, kowa ya san ya yi kama da na Enter the Dragon, fim ɗin Bruce Lee na 1973, wanda iyayenmu suka sha kallo a gidajen silima. Ashe ke nan gem ɗin daga finafinan faɗa ya fito, kuma mai da shi fim tamkar mai da yaro gidan ubansa ne.

Fim na farko ya fito a watan Agusta na 1995, ƙarƙashin jagorancin Paul Anderson. Ba a nuna jini sosai ba, domin an so matasa su sami damar shiga. Masu sharhi a jaridu da dama sun raina labarinsa, amma 'yan kallo suka yi ta tururuwa, har ya yi mako uku yana kan gaba a Amurka, ya kuma tara wajen dala miliyan 122 a duniya, alhali abin da aka kashe masa bai wuce miliyan 20 ba. Akwai wani abu da ya faru wajen shirya shi wanda ya kamata mu riƙe. Da aka nuna wa 'yan kallo na gwaji, ƙorafinsu shi ne faɗan ya yi kaɗan. Sai aka koma aka ƙara ɗaukar waɗansu, aka ɗora wa Robin Shou, wanda ya fito a Liu Kang, nauyin tsara su, domin shi ya goge a finafinan Hong Kong. Karawarsa da Reptile tana cikin abin da aka ƙara, kuma har yau tana cikin wuraren da masoya fim ɗin suka fi tunawa. Waɗannan 'yan kallo sun san abin da suka biya kuɗi domin su gani, sun nema, an kuwa ba su.

Fim ɗin ya shiga ran mutane har gem ɗin kansa ya dawo yana aro daga gare shi. Akwai wani ɗan ta'adda a labarin mai suna Kano (kada Kanawa su ɗauki zafi, sunan ba shi da dangantaka da birnin Dabo). Saboda yadda Trevor Goddard ya yi maganarsa a fim, daga baya masu gem suka mai da shi mutumin Ostireliya. Haka kuma Cary-Hiroyuki Tagawa, wanda ya fito a bos Shang Tsung, an nemo shi ya ba da fuskarsa da muryarsa a Mortal Kombat 11 a shekarar 2019, bayan shekara 24.

Yanzu sai mu dubi inda aka bi son ran masu ƙidayar sunaye. A 1997 aka fito da kashi na biyu, Annihilation, aka cusa masa 'yan wasan gem birjik, kowa ya leƙo ya yi bugunsa ya wuce. In da ganin fuskokin da muka sani shi ne abin nema, da wannan ya fi na farko. Amma abin da ya samu bai kai rabin na farko ba, kuma aka yi shekara 24 kafin wani fim ɗin Mortal Kombat mai mutane ya sake shiga gidajen silima. Yawan kai ba shi ne kasuwa ba, in babu mai saye da sayarwa.

Street Fighter na 1994 kuwa ta wata hanya ya ɓata. An ɗauko Jean-Claude Van Damme, wanda ya iya faɗa ba shakka, amma aka mai da labarin na yaƙin soja, aka tura Ryu da Ken gefe suka zama 'yan damfara. Fim ya ci riba, ya tara kusan dala miliyan 100, sai dai abin da mutane suke tunawa da shi yau shi ne wasan Raul Julia a matsayin Bison, wanda ya yi yana fama da ciwo, ya kuma rasu kafin fim ya fito. In an ce fim ɗin faɗa ne, sa'an nan abin tunawa a cikinsa ya zama jawabin bos, lalle akwai inda aka yi sake. Shekara 20 bayan haka, a 2014, Joey Ansah, ɗan Ingila wanda mahaifinsa mutumin Gana ne, ya shirya Street Fighter: Assassin's Fist da ɗan kuɗi kaɗan, aka sa shi a YouTube. Ya tsaya a kan horon Ryu da Ken wajen malaminsu, ya sa waɗanda suka iya faɗa da gaske, masoya gem kuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu.

To, ina fim ɗinmu na ranar Asabar ya tsaya? Gaskiya ita ce ya tara gwanaye. Joe Taslim, wanda ya fito a Sub-Zero, ya yi shekaru cikin ƙungiyar judo ta ƙasar Indunusiya. Hiroyuki Sanada, wanda ya fito a Scorpion, tun yana yaro yake koyon faɗan fim a Japan. Lewis Tan ma, wanda aka ba matsayin Cole Young, baƙon da babu shi a gem, ya iya. Farkon fim, inda Sanada da Taslim suka kara a wani gida a Japan ta dā, ya nuna abin da za a iya yi. Amma daga nan sai aka shiga yanka hoto gutsi-gutsi, kafin ido ya ga inda naushi ya taso an riga an juya kyamara, sa'an nan a rufe da wuta da ƙanƙara da jinin kwamfuta. Wannan shi ne asarar da aka yi mana, mu kuwa muna can muna buga tebur saboda mun ji kalmar da muka sani.

Za a ce mana, ai jini shi ne alamar Mortal Kombat, in an cire shi me ya rage? Ba mu musa ba cewa jinin ne ya yi masa suna. Shi ya sa 'yan Majalisar Dattawan Amurka, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka yi zama a kansa a ƙarshen 1993, abin da ya kai ga kafa hukumar da ke rarraba gem bisa shekarun masu bugawa a 1994. Amma a gem, kisan ƙarshe lada ne na wanda ya ci wasa da hannunsa. A fim kuwa babu wanda ya ci kome, jini ne kawai ake watsa wa mai kallo. Fim ɗin 1995 ya nuna ana iya cin kasuwa ba tare da shi ba. Kada kuma mu manta, in mun je hutu, ƙannenmu ne suke ɗaukar wayoyinmu suna kallon abin da muka adana.

Za a kuma ce ai nishaɗi ne kawai, me ya kawo dogon Turanci? Amsa ita ce, mu ba baƙin kallon faɗa ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san 'yan kallo ba su yi wa ɗan dambe ihu don layunsa ko don kirarinsa kaɗai. Suna duban yadda ya kafa ƙafa, da yadda yake auna abokin karawa da hannun garkuwa, da lokacin da ya saki hannun da aka ɗaure, turmi bayan turmi. A can ma ana cewa an yi kisa, amma wanda aka kashe yakan tashi ya kakkaɓe jiki, domin gwaninta aka zo gani. Manomi da mahauci da ɗan acaba duk sun iya bambanta gwani da mai hayaniya. Abin kunya ne a ce mu da muke jami'a, waɗanda ake koya wa nazari, mun kasa yin haka a gaban allo.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara. In an sake sa irin wannan fim, mu yi wa kanmu tambaya uku. Shin mun ga faɗan daga farko har ƙarshe, ko kuwa an ɓoye shi da yanke-yanke? Shin mun san dalilin da ya sa waɗannan biyu suke faɗa, har muka damu da wanda zai faɗi? In da ba mu taɓa buga gem ɗin ba, da wurin nan zai burge mu? In amsar ukun duka a'a ce, to mu riƙe tafinmu. Kamfanonin nan 'yan kasuwa ne, abin da aka yi wa ihu bana shi za su ninka baɗi. 'Yan kallon gwaji na 1995 sun nemi faɗa na gaske an ba su, mu ma haƙƙinmu ne mu nema.

Muna roƙon kwamitin nishaɗi da ya samo mana Enter the Dragon da Mortal Kombat na 1995, a nuna su a dare ɗaya kafin zango ya ƙare, sa'an nan a ba da fili a yi muhawara. Waɗanda suka buga tebur ranar Asabar su zo da hujjojinsu, mu ma za mu zo da namu.