Shugaban da ke cewa hannunsa a ɗaure yake

Dattawa sukan taso daga ƙauyukan Shira tun da asuba, su nufi Yana ko Azare da takardar koke a naɗe cikin aljihu, kan kwalbatin da ruwa ya cinye ko asibitin da babu magani. Su wuni a kan benci. In an yi sa'a mai muƙami ya fito, amsar ba ta wuce: "Ku yi haƙuri, Baba, umarni ne daga sama, hannuna a ɗaure yake."

Wannan amsa tana ci mini rai, domin sau da yawa mai faɗinta ya yarda da ita har cikin zuciyarsa. Masanin falsafar nan na Faransa, Jean-Paul Sartre, ya kira irin wannan hali yaudarar kai: mutum ya ɓoye a bayan kujerarsa, ya ɗauka ba shi da zaɓi, alhali yin shiru da ci gaba da zama a kujerar ma zaɓi ne. A laccarsa ta birnin Faris a 1945 ya nuna cewa ayyukan mutum su ne mutum. Sartre bai yi imani da Allah ba, a nan mun raba gari da shi. Amma malamanmu ma ba su taɓa yarda a fake da ƙaddara a guje wa hisabi ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Mun ga wanda ya zaɓa. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, ya rungumi jam'iyyar NEPU, ya san sarai abin da zai biyo baya daga Turawa da hukumar En'e. Albashi yana da daɗi a lokacin kamar yau.

Ba na cewa kowane kansila ya yi murabus gobe. Matsin gwamnoni gaskiya ne, shi ya sa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abin da nake nema kaɗan ne. Shugaban ƙaramar hukuma ya dubi dattawan nan ya ce: kuɗi kaza suka shigo, ga inda na sa su, kwalbatinku ni na jinkirta shi, kuma ga dalilina. Su ji haushinsa in sun ga dama, su kayar da shi a zaɓe mai zuwa.